Tarihin Kofin Zakarun Afirka Na Farko

A cikin dukan kofunan da kulob-kulob na ƙwallon ƙafa ke takara a kansu a Afirka, babu wanda ya kai Kofin Zakaru daraja, don ba ko wane kulob ke shiga nemansa ba, sai wanda ya riga ya yi fice a ƙasarsa. Sau biyu kulob na birnin Kano ya yi nisa cikin wannan gasa, watau Raccah Rovers cikin 1979, da Kano Pillars cikin 2009. Saboda haka ya kamata mutumin Kano ya san asalin abin, da waɗanda suka fara shi, da kuma abin da ya sami ko wannensu daga baya. Labarinsu yana da amfani ga duk wanda ke da hannu cikin riƙon kulob, babba ko ƙarami.

Asalin Al'amarin

Turawa ne suka fara wannan dabara. Cikin 1955 waɗansu marubuta na wata jaridar wasanni ta Faransa, mai suna L'Equipe, suka kawo shawara a riƙa tara zakarun ƙasashen Turai ko wace shekara, su kara, a ga gwanin gwanaye. Aka karɓi shawarar. Cikin watan Yuni na 1956 aka yi wasan ƙarshe a birnin Faris, Real Madrid ta ƙasar Sifen ta cinye Reims ta Faransa da ci 4 da 3. Daga nan ta riƙe kofin nan shekara biyar a jere. Cikin 1960 mutanen Amurka ta Kudu suka kafa nasu, Penarol ta ƙasar Yurugwai ta fara ɗauka.

A nan Afirka kuwa an kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar duka, wadda a ke kira CAF, a birnin Hartum cikin watan Fabrairu na 1957. Ƙasa huɗu ne suka kafa ta: Masar, da Sudan, da Habasha, da Afirka ta Kudu. Ba a daɗe ba aka fid da Afirka ta Kudu, don ta ƙi yarda baƙi da farare su sa riga ɗaya su yi wasa tare. A lokacin nan yawancin ƙasashenmu suna hannun Turawa, ba su da bakin magana a irin wannan taro. Amma cikin wannan shekara Gana ta sami mulkin kai, cikin 1960 kuma ƙasa 17 suka samu, har da Nijeriya, da Nijar, da Mali, da Kamaru. Cikin watan Mayu na 1963 shugabanni suka taru a Addis Ababa suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka.

To, a cikin shugabannin nan babu wanda ya kai Kwame Nkrumah na Gana ɗokin haɗa kan Afirka. Ya lura kuma ƙwallo yana shiga inda jawabi ba ya shiga, don talakan da bai san abin da aka faɗa a Addis Ababa ba ya san wanda ya ci wasa ran Lahadi. Ya naɗa wani mutum mai kuzari, Ohene Djan, ya zama shugaban sha'anin wasanni na ƙasar duka. Cikin 1962 suka gayyato Real Madrid ɗin nan har birnin Accra, wanda fatakenmu ke kira Ankara, ta kara da 'yan wasan Gana, aka tashi kunnen doki, 3 da 3. Cikin 1963 Gana ta ci kofin ƙasashen Afirka. Cikin 1964 kuma ƙasashen Afirka suka ɗaure baki suka ce ba su shiga neman Kofin Duniya na 1966, don an ba Afirka da Asiya da ƙasashen tsibirai gurbi guda tak su yi ta kokawa a kansa. Ohene Djan da Yidnekatchew Tessema na Habasha suna cikin waɗanda suka ja gaban wannan magana. A cikin irin wannan zafin kishi ne aka buɗe gasar zakarun kulob ta Afirka, aka sa wa kofin sunan Nkrumah, aka yanke shawara a yi wasannin ƙarshe a Gana.

Yadda Aka Shirya

Kulob 14 ne aka rubuta cikin gasar. Aka raba su bisa ga sassan nahiya, don maƙwabci ya fara karawa da maƙwabci, sa'an nan huɗun da suka rage su haɗu a Ankara. Dalilin wannan tsari shi ne wuyar tafiya. Turawa sun shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa daga cikin ƙasa zuwa bakin teku, don fitar da gyaɗa da auduga da koko. Ba su damu da haɗa wannan ƙasa da waccan ba. Jiragen sama ma a kan sami lokacin da ya fi sauƙi mutum ya bi ta Turai ya komo, da ya tafi kai tsaye daga gabashin Afirka zuwa yammacinta.

Ban da wannan, 'yan wasan zamanin nan ba da ƙwallo su ke ci ba. Akwai akawu, akwai malamin makaranta, akwai soja, akwai ma'aikacin masaƙa. Wanda ya san aikin ofis ya san abin da ke cikin nema wa mutum goma sha biyar izinin barin aiki, da fasfo, da takardar lamba, da canjin kuɗi, kāna a tsaya a gaban ma'aji a roƙi kuɗin jirgi. Ƙa'idodin wasan su ma ba kamar na yanzu ba ne. Katin gargaɗi da jan kati ba su fito ba sai cikin 1970. Bugun daga kai sai gola, wanda a ke raba gardama da shi in an yi kunnen doki, shi ma cikin shekarar nan aka amince da shi. Kafin nan sai dai a sake wasa, ko a jefa ƙuri'a.

Kulob Huɗu Da Suka Isa Ankara

Na farko shi ne Real Republicans, masu masauki. Wannan kulob ba daga wata unguwa ya tsiro ba. Ohene Djan ne ya haɗa shi a farkon shekarun 1960, da yardar Nkrumah, ya bi manyan kulob na Gana yana tsamo gwanaye biyu biyu. Nufinsa su zauna wuri guda su saba da juna, su zama ƙashin bayan 'yan wasan ƙasa. Sunan ma daga Real Madrid aka aro rabinsa, mutane kuwa suna ce masa kulob ɗin Osagyefo, watau kirarin Nkrumah. Daga Asante Kotoko ta Kumasi aka ɗauko Baba Yara da Dogo Moro. Mai karatu ya ji sunayen nan ya san inda suka dosa, don tun zamanin fataucin goro na Gwanja Hausa ta zama harshen zango a Kumasi da Ankara. Baba Yara shi a ke kira sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. Amma bai ga wannan gasa a fili ba. Cikin watan Maris na 1963 motar kulob ɗin ta yi haɗari a kan hanyar komowa daga wasa a lardin Volta, ya sami rauni a ƙashin baya, bai sake takawa ba har ya rasu cikin 1969, Allah ya ji ƙansa. Babban filin wasa na Kumasi sunansa ya ci. Duk da rashinsa Republicans suna da ƙarfi ƙwarai, sun ci gasar ƙasa cikin 1963, sun kuma ɗauki kofin ƙalubale na Gana sau huɗu a jere. Sai dai fa mutanen Kumasi ba su manta da ɗiban 'ya'yansu da aka yi ba.

Na biyu shi ne Cotton Factory na garin Dire Dawa a Habasha, kulob na masaƙar auduga. Garin yana kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Addis Ababa da Jibuti. A cikin 'yan wasansa akwai Luciano Vassalo, kyaftin ɗin Habasha sa'ad da ta ci kofin ƙasashen Afirka cikin 1962. Su suka fi kowa nisan tafiya, kusan mil 3,000.

Na uku shi ne Stade Malien na Bamako, wanda aka kafa cikin 1960, aka haɗe tsofaffin kulob biyu na garin, Jeanne d'Arc da Esperance. A cikinsu akwai wani yaro mai shekara 18, Salif Keita, wanda daga baya ya tafi Saint-Etienne ta Faransa, ya zama mutum na farko da aka ba lambar gwarzon ɗan wasan Afirka cikin 1970.

Na huɗu shi ne Oryx na Duwala, babbar tashar jiragen ruwa ta Kamaru, inda Hausawa ma ke da zango. Ma'anar sunan ita ce mariri, dabbar dajin nan mai dogayen ƙahoni. An kafa shi tun 1927, na mutanen yankin Bell ne a cikin garin. A Duwala ko wane yanki da kulob ɗinsa, Akwa suna da Caiman, Deido suna da Leopard, yaro kuwa a kan haife shi ne ya tarar da kulob ɗin gidansu kamar yadda ya ke tarar da sunan kakansa. Kyaftin ɗinsu shi ne Samuel Mbappe Leppe, wanda a ke wa laƙabi da Marshal. Sun ci gasar Kamaru cikin 1961, da 1963, da 1964.

Wasannin Ƙarshe

A farkon 1965 aka haɗu a Ankara. A wasan kusa da na ƙarshe Stade Malien suka cinye Cotton Factory da ci 3 da 1. Ɗaya wasan kuwa shi ne ya girgiza gari. Ko wane mai lissafi ya ba Republicans, don ga su a gida, ga zaɓaɓɓun ƙasar da ke riƙe da kofin Afirka, ga kuma kofin da sunan ubangidansu. Amma sai an gwada a kan san na ƙwarai. Oryx suka ci su 2 da 1. Aka bar masu masauki da shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Ran Lahadi, 7 ga Fabrairu, 1965, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Salla ta shekarar 1384 ta Hijira, aka yi wasan ƙarshe. Karo guda ne, ba zuwa da komowa. Oryx suka ci Stade Malien 2 da 1, Mbappe Leppe ya ɗaga kofin Nkrumah, suka koma Duwala da shi. Su ne zakarun Afirka na farko, ba kuwa mai iya karɓe musu wannan suna.

Akwai abin lura a nan. Kulob biyun da suka kai ƙarshe duka daga ƙasashen da Faransa ta mallaka su ke, cikin 1966 ma haka aka yi. Wani dalili shi ne, tun daga 1947 har 1960 Faransawa sun riƙa shirya kofi guda domin kulob na dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma. Jeanne d'Arc ta Bamako, uwar Stade Malien, ta ci shi sau biyu, cikin 1953 da 1956. Watau 'yan Bamako sun riga sun saba da kwana a hanya, da cin abincin da ba na gida ba, da wasa a gaban taron da ba ya sonsu. A ƙasashen Ingilishi babu irin wannan ga kulob, sai dai karawar ƙasa da ƙasa, kamar wadda a kan yi tsakanin Nijeriya da Gwalkwas. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Babu kulob na Nijeriya cikin huɗun nan. A lokacin ba mu da gasar ƙasa wadda kowa ke karawa da kowa shekara duka, sai kofin fid da gwani, wanda aka fara cikin 1945 da sunan Kofin Gwamna. 'Yan Ikko suka yi ta cinsa, har 1953 da 'yan wasan Kano suka ci Lagos Dynamos 2 da 1, suka zama na farko da suka fitar da shi daga Ikko. Gasar ƙasa ba ta kafu ba sai 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka.

Abin Da Ya Biyo Baya

Ba a yi wata gasa cikin 1965 ba. Da aka komo cikin 1966 sai aka sake tsari, ko wane karo a yi wasa biyu, gida da waje, har wasan ƙarshe. Stade d'Abidjan suka ci Real Bamako, bayan an ci su 3 da 1 a Bamako suka rama 4 da 1 a gida. Salif Keita yana cikin Real Bamako a wannan karo, watau sau biyu a jere ya isa bakin kofin bai sha ba. Cikin 1967 Asante Kotoko da Englebert ta Lubumbashi suka yi kunnen doki sau biyu, aka sa ranar wasa na uku, Kotoko ba su zo ba, aka ba Englebert kofin. Ita ce a ke kira TP Mazembe yanzu.

Mu koma kan huɗun Ankara. Ran 24 ga Fabrairu, 1966, shekara guda da 'yan kwanaki bayan wasan ƙarshe, soja da 'yan sanda suka kifar da mulkin Nkrumah yana kan tafiya a Asiya. Ba a jima ba aka rushe Real Republicans, 'yan wasa suka watse, ko wanne ya nemi tsohon gidansa. Kulob ɗin da ya ci kofi huɗu a jere ya ɓace kamar ba a yi shi ba, don ba shi da unguwar da za ta tsaya masa. Kayan aro ba ya rufe katara. Kotoko kuwa, da aka ɗebe wa gwanaye, ita ce ta kawo wa Gana kofin nan na shekarar 1970. Nkrumah ya sami mafaka a Konakiri ta ƙasar Gini, ya rasu cikin 1972. Wani abin mamaki, kofin da ke ɗauke da sunansa can ya bi shi, don Hafia ta Konakiri ta ci shi sau uku, 1972 da 1975 da 1977, aka bar mata shi ɗungum. Wadda ta kayar a karo na ukun kuwa ita ce Hearts of Oak ta Ankara.

Oryx ba a rushe su ba, amma ƙarfinsu ya tafi tare da tsaran Mbappe Leppe. Sun ci gasar Kamaru cikin 1965 da 1967, daga nan ba su ƙara ba, har suka faɗa ƙananan rukunoni. Canon ta Yawunde da Union ta Duwala suka gaje wurin. Abin da ya rage shi ne sunan, da wani filin wasa a Duwala da aka sa wa sunan kyaftin ɗinsu.

Stade Malien da aka kayar ran nan, su ne suka fi kowa daɗewa a tsaye. Shugabannin Mali sun zo sun wuce, an yi juyin mulki ba sau ɗaya ba, kulob ɗin yana nan yana renon yara yana cin gasar ƙasarsa. Cikin 2009, shekara 44 bayan Ankara, suka ci ES Setif ta Aljeriya da bugun daga kai sai gola a Bamako, suka ɗauki kofi na biyu a daraja na Afirka. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Rabon Nijeriya Da Na Kano

Nijeriya ta daɗe tana bin kofin nan. Enugu Rangers suka fara kai wa wasan ƙarshe cikin 1975, Hafia ta kayar da su. Shooting Stars ta Ibadan ta kai cikin 1984 da 1996, Zamalek ta Masar ta hana ta duka biyu. Iwuanyanwu Nationale ta kai cikin 1988 ba ta samu ba. Cikin 1997 aka sake wa gasar suna da tsari, aka shigo da wasan rukuni. Sai cikin 2003 Enyimba ta Aba ta kawo kofin gida, ta sake cikin 2004.

A Kano, Raccah Rovers suka ci gasar Nijeriya cikin 1978, suka shiga ta Afirka cikin 1979, suka kai cikin kulob takwas na ƙarshe, kāna US Goree ta Sanigal ta fid da su. Kofin shekarar nan Duwala ya sake komawa, a hannun Union. Raccah Rovers ba su daɗe a sama ba bayan wannan, yau sai a bakin dattawa a ke jin labarinsu. Cikin 1990 aka haɗe kulob uku, na hukumar ruwa ta WRECA, da Golden Stars, da na Bank of the North, aka sami Kano Pillars. Suka ci gasar ƙasa cikin 2008. Cikin 2009 suka yi abin da ba a zata ba, suka fid da Al Ahly ta Alƙahira, mai riƙe da kofin. An tashi 1 da 1 a gida, 2 da 2 a Masar, ƙa'idar lokacin kuwa in an yi daidai wanda ya fi ci a waje shi ya wuce. Suka haye wasan rukuni, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsai da su. Sun sake cin gasar ƙasa cikin 2012, da 2013, da 2014, suka ɗauki kofin ƙalubale cikin 2019. Cikin 2022 suka faɗa rukuni na biyu, suka komo cikin 2023.

To, in mun auna Pillars da huɗun Ankara, sai mu ga ta ɗebo daga wuri biyu. Ta wajen kuɗi ta yi kama da Republicans, don daga baitulmalin Gwamnatin Jiha a ke riƙe ta, abin da ke hannun hukuma kuwa yana bin ra'ayin wanda ke kan kujera. Ta wajen jama'a ta yi kama da kulob na Duwala da Bamako, don duk wanda ya ga filin Ƙofar Mata ranar wasa ya san "Sai Masu Gida" ba hukuma ce ta sa mutane faɗinsa ba. Na biyun nan shi ne jari na gaskiya, amma sowa a fili ba ta biyan albashi. Da a ce masu son kulob za su zama mambobi a rubuce, su riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa ko wane wata, a riƙe littafin shiga da fita wanda kowa ke iya dubawa, a kuma zaɓi shugabanni bisa ƙa'ida, da kulob ya sami ƙafar da zai tsaya a kai ko da hukuma ta juya baya.

Haka kuma abin da ya sami Oryx gargaɗi ne game da renon na baya. 'Yan wasan gobe suna nan a ƙananan kulob na unguwanni, a Darmanawa, da Gyaɗi-Gyaɗi, da Tarauni, da sauransu. Abin da su ke bukata ba shi da yawa: fili wanda ba za a yanka a sayar ba, da ƙwallo, da dattijon da zai tsaya a kansu ya hana rigima, ya kuma tabbata wasa bai raba su da makaranta ba. Filin unguwa in aka gine shi, ba ya komowa. Masu unguwanni, da dagatai, da majalisun ƙananan hukumomi, su ke da ikon tsare shi, gara kuwa su tsare tun yana nan.

Iyakar abin da ya samu ke nan na labarin Kofin Zakarun Afirka na farko. Allah ya sa Kano ta ga ranar da za a kawo shi gida, amin.